Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Wasu Ke Jin Daɗin Kiɗan Lantarki Mai Tayar da Tsikar Jiki?

Shafin wannan fitowar ya tattara wasiƙu biyar da suka iso mana daga Maraɗi da garuruwan da ke kewaye da ita, kuma dukkansu a kan abu ɗaya suke, wato kiɗan nan na na'ura wanda ba a taka rawa da shi, ba a kuma rera waƙa a kansa, sai dai ya cika kunne da gunji da kugi da shiru mai nauyi har tsikar jikin mai sauraro ta tashi. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA, daga wani ɗalibin jami'a a Maraɗi: Assalamu alaikum, Malam. Tun bara wani abokina ya tura mini wani irin kiɗa wanda babu ganga a cikinsa, babu waƙa, sai wani ruri mai tsawo da ƙananan sautuka da ke gilmawa kamar ana motsi a bayan ɗaki. Idan na gama karatu da dare nakan kashe fitila in sa abin sauraro a kunne, gabana ya riƙa faɗuwa, amma duk da haka ba na son ya ƙare. Abokan kwanana sun ce lallai akwai abin da ke damuna. Shin mai lafiya yana jin daɗin abin da ke ba shi tsoro?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Mai lafiya yana jin daɗinsa ƙwarai, kuma idan abin da ka rubuto shi ne iyakar lamarin, to ka kwantar da hankalinka.

Aikin kunne na farko, tun kafin a zo ga jin magana ko waƙa, shi ne gadi. Duk sautin da ya shige shi, ƙwaƙwalwa takan nemi sanin abin da ya yi shi, da inda ya fito, da kuma ko yana matsowa ne ko yana nesantawa. Idan ka ji motsi a bayan danga da tsakar dare, ka haska fitila ka ga akuya ce, nan take hankalinka zai dawo jikinka, domin gani ya kori ji. Kiɗan da kake sauraro an gina shi ne a kan hana ka wannan fitilar. Ganga kowa ya san fata ce da hannu, goge kuma ƙwarya ce da tsagiya, amma sautin da na'ura ta ƙirƙiro daga wutar lantarki ba shi da maƙogwaro, ba shi da fata, ba shi da wani jiki da za ka danganta shi da shi. Sai ƙwaƙwalwa ta yi ta tambaya ba ta samu amsa ba, kuma wannan tambayar da ta rataya ita ce kake ji a ƙirjinka.

Tun farkon tarihin kiɗan lantarki aka lura da haka. A 1920 wani masanin kimiyya ɗan Rasha mai suna Lev Termen ya ƙera abin kiɗan da ake kira teremin, wanda ba a taɓa shi ko kaɗan yayin kaɗa shi, sai dai makaɗin ya riƙa motsa hannuwansa a iska kusa da wasu ƙarafa biyu, ɗaya yana sarrafa kaurin sautin ko siririntarsa, ɗaya kuma ƙarfinsa. Abin da ke fitowa ya yi kama da muryar mace mai rera waƙa wadda ba ta taɓa tsayawa ta ja numfashi, shi ya sa masu fina-finan Amurka na shekarun 1940 da 1950 suka rungume shi duk lokacin da suke son nuna mugun mafarki, ko taɓin hankali, ko baƙi daga wata duniya. Abin da ya yi kama da wanda aka sani amma ya ɗan kauce ya fi baƙo tsantsa tayar da hankali. Wani ɗan Ingila, James Leyland Kirby, ya kai wannan dabarar maƙura tsakanin 2016 da 2019, lokacin da ya ɗauki tsofaffin fayafayen kiɗan rawa masu annashuwa na zamanin kakanninsa ya riƙa lalata su sannu a hankali, a cikin kashi 6 da ke cin fiye da sa'o'i 6, domin ya kwatanta yadda cutar mantuwa ke cinye tunanin tsoho. Babu dodo a ciki, babu kururuwa, amma a 2020 aikin ya bazu tsakanin matasa a TikTok, suna ƙalubalantar juna a kan wanda zai iya jure sauraronsa har ƙarshe.

Akwai kuma abin da jiki ke amsawa kai tsaye ba tare da ya jira tunani ba. A 2015 wasu masu bincike, ciki har da Luc Arnal da David Poeppel, sun auna kururuwar ɗan Adam, suka gano cewa ba ƙarfi kaɗai ya raba ta da magana ba: ƙarfin muryar mai magana yana hawa da sauka kamar sau 4 zuwa 5 a daƙiƙa, na mai kururuwa kuwa sau 30 zuwa 150, kuma wannan saurin ne ke ba ta wani kaushi da ke zaburar da sashen ƙwaƙwalwa mai lura da haɗari. Mai na'ura yana iya shafa wa kowane sauti irin wannan kaushin, kaɗan ko da yawa, ta yadda jikinka zai ji alamar kururuwa alhali kunnenka bai ji kowa yana ihu ba.

To ina daɗin yake? Wani masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Pennsylvania a Amurka, Paul Rozin, ya daɗe yana nazarin dalilin da ya sa mutane ke neman abin da jiki ke gudu, kuma babban misalinsa shi ne barkono. Harshe yana kai ƙara cewa ana ƙona shi, hawaye na zuba, amma hankali ya san babu wuta, shi ya sa mai cin tsire yake cewa a ƙaro yaji. Daɗin yana cikin ratar da ke tsakanin abin da jiki ke faɗa da abin da hankali ya sani. A Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak ma akwai cibiya sukutum da ke nazarin tsoron nishaɗi, kuma a 2020 masu bincikenta suka wallafa sakamakon auna bugun zuciyar mutum 110 da suka shiga, da son ransu, wani gidan wasa da aka shirya domin tsoratarwa. Sun tarar daɗin yana ƙaruwa tare da tsoron har zuwa wani matsayi, daga nan idan tsoron ya zarce sai daɗin ya faɗi. Kai da kake kwance a ɗakinka, ƙofa a kulle, yatsarka kusa da maɓallin tsayarwa, kana daidai wannan matsayin, kuma ina zaton wani ɓangare na abin da kake so shi ne yadda tsoron ke tattara hankalinka wuri guda bayan yinin da karatu da hayaniya suka tarwatsa shi.

Inda za ka sa ido shi ne bayan an kashe kiɗan. Idan fargabar ta tafi tare da shi, babu laifi. Idan kuwa ta bi ka har cikin barci da aji, ko ka lura kana neman kiɗan ne domin ka ƙara nutsewa cikin wani baƙin ciki da ya riga ya kama ka, ko ya fara raba ka da mutane, to ka ajiye shi, ka yi magana da wani babba da ka amince da shi, in abin ya ci gaba ka ga likita.

TAMBAYA, daga wata uwa a Tibiri: Malam, ina gaisuwa da fatan alheri. Autana ya shiga sauraron wani abu a wayarsa, ran nan na sa a kunnena na ji kamar mata suna kuka daga cikin rijiya, wata murya kuma mai kauri tana magana da yaren da ban taɓa ji ba. Mu da muka tashi muka ga ƴan bori, abin ya yi mini kama da kiran iskoki. Ina tsoron kada ya jawo wa kansa abin da ya fi ƙarfinsa.

AMSA: Hajiya, ina amsa gaisuwa, Allah ya raya mana zuri'a, ya shirya su. Damuwarki ta uwa ce, kuma ba abin dariya ba ce.

Muryoyin da kika ji aikin hannu ne, kuma hanyar yin su ba ɓoyayyiya ba ce. Idan aka naɗi muryar mace aka rage saurinta zuwa rabi, sai ta yi kauri ta koma kamar ta wani ƙaton namiji mai jan magana. Idan aka juya ta baya, wato aka fara daga ƙarshe zuwa farko, sai Hausar da kika sani ta zama yaren da babu mai jin sa a duniya. Idan aka ƙara mata amsa-kuwwa mai tsawo, sai a ji kamar daga ƙarƙashin ƙasa take fitowa. Ki sa yaron ya naɗi sallamarki da wayarsa, ya yi mata waɗannan abubuwa uku a gabanki da rana tsaka, domin akwai manhajoji na kyauta da ke yin haka cikin minti kaɗan. Za ki ji muryarki ta koma irin abin da ya firgita ki, alhali kin san ke ce kika yi sallamar.

Duk da haka kunnenki bai yi ƙarya ba da ya ji kama da abin da kika sani, domin masu wannan fasaha sun daɗe suna aron irin wannan yanayin, kuma nahiyarmu tana cikin wuraren da aka fara. A 1944 wani matashi ɗan Masar, Halim El-Dabh, ya ari na'urar naɗar sauti daga wani gidan rediyo a Alƙahira, ya je ya naɗo waƙar mata a wurin bikin zar, wata al'ada ta Masar da Sudan da Habasha mai kama da borin ƙasar Hausa. Ya koma gidan rediyon ya riƙa tace muryoyin yana ƙara musu amsa-kuwwa har kalmomin suka narke, sai wani kuka mai shawagi ya rage. Wannan aikin yana cikin na farko-farko a duniya da aka haɗa kiɗa daga sautin da aka naɗa, shekara 4 kafin Pierre Schaeffer ya yi irinsa a gidan rediyon Faransa a 1948, ko da yake sunan Bafaranshen ne ya fi yawo a littattafai.

Amma kama ba ita ce ainihi ba. A borin da aka sani a ƙasar Katsina da Gobir, kowace iska tana da takenta da kirarinta, ana kaɗa su da goge ko garaya da ƙwarya, a gaban taro, ga mutanen da aka yi wa girka kuma suka san abin da ake kira. Wani masani Bafaranshe, Gilbert Rouget, ya wallafa babban nazari a 1980 a kan kiɗa da hawan iska a al'ummomi daban-daban, kuma abin da ya tsayar shi ne babu wani bugu ko wani abin kiɗa da ke kayar da mutum shi kaɗai. Abin da ke aiki shi ne ma'anar da mutanen suka ɗora wa kiɗan, da imaninsu, da taron da suke ciki. Rurin da wani saurayi ya haɗa a ɗakinsa a Turai da kwamfuta ba shi da take, ba shi da kirari, ba ya kiran sunan kowa.

Hukuncin sauraron kiɗa a addini kuwa fage ne na malamai, kuma Tibiri da Maraɗi ba su rasa su ba, saboda haka a wurinsu za ki nemi fatawa. Abin da zan ce ki duba da kanki shi ne hotuna da kalmomin da ke rakiyar kiɗan, domin akwai masu lulluɓe hajarsu da zanen ƙoƙon kai da alamomin tsafi don jan hankalin yara, kuma a matsayinki na uwa kina da ikon cewa ba a gidanki ba. Sannan ki duba sallarsa, da barcinsa, da karatunsa, da yadda yake zama cikin ƴan'uwansa. Idan waɗannan suna nan yadda kika san su, to kada ki fara da ƙwace waya. Ki fara da tambayarsa abin da yake ji a ciki.

TAMBAYA, daga wani malamin makaranta a Tasawa: Malam, na ji ana cewa akwai sautin da kunne ba ya ji, amma yana sa mutum ya ga fatalwa, kuma wai ana ɓoye shi a cikin irin wannan kiɗan. Mene ne gaskiyar maganar?

AMSA: Malam, akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai an ƙara mata gishiri. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sautin da ke kaɗawa tsakanin sau 20 da sau 20,000 a daƙiƙa, kuma abin da ya yi ƙasa da 20 yawanci jiki ne ke jin girgizarsa idan ya yi ƙarfi. Labarin fatalwar ya samo asali ne daga wani injiniya ɗan Ingila, Vic Tandy, wanda ya rubuta a 1998 cewa shi da abokan aikinsa sun riƙa jin ɗar-ɗar a wani ɗakin aiki, har wani dare ya ga kamar wata inuwa a gefen idonsa, daga baya ya gano cewa wata fankar fitar da iska ce ke kaɗa ɗakin kusan sau 19 a daƙiƙa. A 2003 aka gwada abin a wani zauren kiɗa a Landan, aka saka sauti mai kaɗawa 17 a ƙarƙashin wasu kiɗe-kiɗe ba tare da an gaya wa masu sauraro kusan 700 waɗanne ne ba, kuma kashi 22 cikin 100 suka ce sun ji wani abu na daban, kamar zullumi ko sanyi a gadon baya. Wani gwaji da aka wallafa a 2009 daga kwalejin Goldsmiths ta Landan kuwa ya nuna cewa abin da mutum ya shiga ɗaki yana tsammanin ji ya fi wannan sautin tasiri a kansa.

Game da ɓoye shi a cikin kiɗan da ɗalibanka ke ji, ka sha kuruminka. Bututu mai tsawon mita 7 aka haɗa da lasifika a Landan kafin a iya fitar da wannan sautin da ƙarfi. Ƙaramar lasifikar waya, ko kaɗawa 200 a daƙiƙa da ƙyar take fitarwa.

TAMBAYA, daga wani matashi mai ƙaramin situdiyo a unguwar Sabon Gari, Maraɗi: Malam, barka da aiki. Da manhajar kwamfuta ta FL Studio nake haɗa kiɗa, yawanci na biki da na talla. Kwanan nan aka ba ni aikin sauti na wani wasan kwaikwayo na rediyo, inda wani matafiyi ya kwana a kufai. Na sauko da sautukan ban tsoro daga intanet, kukan kyarkeci da kiɗan coci da dariyar mayya irin ta fim, amma da na kunna wa abokaina sai suka fashe da dariya. Ina na kuskure?

AMSA: Barka kadai, ɗana. Ka kuskure ne da ka aro tsoron wasu mutane, kuma abokanka sun yi maka gata da suka yi dariyar tun kafin masu sauraron rediyo su yi ta.

Wani sashe na abin da ke tsorata kunne duk ƴan Adam sun yi tarayya a kansa, wani sashe kuma koyonsa ake yi. A 2009 Thomas Fritz da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a cikin Mafa, mutanen duwatsun Mandara a arewacin Kamaru, waɗanda ba su saba da kiɗan Turawa ba, kuma an tarar suna iya bambance kiɗan farin ciki da na baƙin ciki da na tsoro fiye da yadda cankar kawai za ta bayar. A 2016 kuma wani bincike a cikin Tsimane, mutanen dajin Bolibiya, ya nuna cewa haɗin sautukan da Bature ke ji a matsayin karo da juna su ba su ƙi shi ba, amma kaushin sauti su ma sun ƙi shi. Ma'ana, kaushi, da sautin da ke ƙara ƙarfi kamar yana tunkaro ka, da shirun da ya faɗo ba zato, waɗannan za su yi maka aiki a ko'ina. Amma kiɗan coci yana tsorata wanda ya tashi da fina-finan da suka haɗa shi da maƙabarta ne, kuma Bamaraɗe ya san kukan kura da na mujiya, bai san na kyarkecin dusar ƙanƙara ba.

Ka ɗauki wayarka ka fita. Ka naɗi faɗuwar guga a rijiya mai zurfi, da ƙyauren kwano da iskar hunturu ke wasa da shi, da injin niƙa daga nesa, da tsuwwar gyare a bakin Gulbin Maraɗi bayan isha'i. Fiye da duka, ka naɗi daka. Babu sautin da ya fi bugun taɓarya a turmi kwantar wa Bahaushe hankali, domin yana nufin akwai mata a gida, akwai hatsi, za a ci tuwo. To ka sa shi da tsakar dare a kufan da aka riga aka gaya wa mai sauraro babu kowa a cikinsa shekara da shekaru, ka rage saurinsa, ka nesanta shi, ka bar shi ya buga sau uku ya tsaya, sannan ya dawo ya ɗan fi kusa. Ba ka buƙatar mayya mai dariya bayan wannan. A ganina razanarwa da ƙara mai faɗowa kwatsam ita ce mafi arha a cikin sana'ar, domin ko faɗuwar kwano tana yin ta, kuma da zarar ta wuce an manta da ita. Gwaninta tana wajen mai iya riƙe mutum cikin zullumi minti biyar alhali babu abin da ya faru. Ka tuna yadda tsohuwa mai iya tatsuniya ba ta fito da Dodo a farkon labari. Sai ta sa yarinya ta yi nisa da gari, rana ta faɗi, hanya ta ɓace, kafin a ji takunsa.

A ƙarƙashin waɗannan sautukan kana buƙatar shimfiɗa, wato ruri mai tsawo da ba ya canzawa sosai, irin wanda ya cika salon da za ka samu a intanet da sunan dark ambient. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗora sautuka biyu da suka kusa zama ɗaya, misali mai kaɗawa 110 da mai kaɗawa 113 a daƙiƙa. Kunne ba zai ji su a matsayin biyu ba, zai ji guda ɗaya yana kumbura yana sacewa sau 3 a daƙiƙa kamar numfashin wani abu, kuma idan ka ƙara ratar da ke tsakaninsu zuwa 30 sai numfashin ya koma gurnani. Akwai kuma dabarar da Roger Shepard ya bayyana a 1964, inda ake jera sautuka ta yadda na sama ke dusashewa yayin da na ƙasa ke shigowa, sai a ji kamar sautin yana ta hawa ba ya isa ko'ina; ka ajiye ta don lokacin da matafiyinka ya fara gane cewa ba shi kaɗai ba ne. Ka kuma gwada juya ƙarar gugan nan baya. A duniya sauti yakan fara da ƙarfi ya mutu a hankali, saboda haka wanda ya taso a hankali ya yanke kwatsam yana gaya wa kunne cewa wani abu ya saɓa ƙa'ida. Shiru ma kayan aiki ne: idan gyare sun yi ta tsuwwa minti biyu sannan duk suka yi tsit lokaci guda, kowane ɗan ƙauye ya san wani abu ya gilma.

Kada ka ɗauka wannan fage na Turawa ne da ba mu da gado a cikinsa. Tun 1978 Mamman Sani ya naɗi kiɗansa na ogan ɗin lantarki a gidan rediyon ƙasa a Yamai, kuma shekaru da yawa ana jin sa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na Nijar kafin kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi ga duniya a 2013. Kiɗansa ba na tsoro ba ne, na kewa ne da faɗin sarari, amma ka saurare shi don ka ga yadda mutum ɗaya da na'ura ɗaya ya ɗauko amon ƙasarsa bai jira na wani ba.

Abu biyu zan gargaɗe ka a kansu. Kada ka kusanci karatun Alƙur'ani ko kiran salla da irin wannan juye-juyen, ko da ka ga wani a waje ya yi, kuma kada ka naɗi muryar mutane a gidajensu ba da izininsu ba. Idan ka gama haɗawa, ka saurari aikin a ƙaramar rediyo da lasifikar waya, domin a nan mafi yawan mutane za su ji shi, kuma ruri mai kauri da ya cika situdiyonka yana iya ɓacewa gaba ɗaya a can. Idan haka ta faru, ka ninka shi da kwafinsa mai ɗan siriri.

TAMBAYA, daga wata matashiya mai ɗinki a unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi: Baba, ina wuni. Ni wannan kiɗan ba ya ba ni tsoro, barci ma yake sa ni, har nakan kwana da abin sauraro a kunne. Amma da safe ina jin kunnena yana wata tsuwwa. Ko akwai matsala?

AMSA: Lafiya lau, ƴata. A cikin wasiƙun nan biyar, taki ce kaɗai ke ɗauke da haɗari na zahiri. Irin wannan kiɗan yakan fara ƙasa-ƙasa, sai ki ƙara murya don ki ji abin da ke ciki, sannan ya kumbura bayan barci ya ɗauke ki, kunnenki ya sha ƙara har asuba ba ki sani ba. Tsuwwar da kike ji alama ce cewa ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne sun wahala, kuma waɗanda suka mutu daga cikinsu ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin lalata jinsu ta hanyar sauraro da ƙarfi, kuma ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 (desibel shi ne awon ƙarfin sauti) na tsawon sa'o'i 40 a mako, sannan duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Ki daidaita muryar a wurin da kiɗan ya fi ƙarfi, ba a farkonsa ba, kada ki wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar, ki kuma sa mata lokacin da za ta kashe kanta bayan minti 30. Ki hutar da kunnen na mako guda ba tare da kin sa masa komai ba, kuma idan tsuwwar ba ta tafi ba, ko kika lura kina yawan cewa a maimaita miki magana a shago, ki je asibiti a duba ki a sashen kunne.